A Tawa kowa ya san wanda ya yi

Littattafan binciken kisa da ake sayarwa a nan Faransa, kusan dukansu a kan tambaya guda suke tsaye: wa ya yi? An tsinci gawa, an kira komisar, likita ya duba ya faɗi lokacin da rai ya fita, a bi sawun waya da hoton kamara, a shafin ƙarshe a sa wa wani ankwa. Mutanen Liyon, inda nake zaune, suna son abin nan ba kaɗan ba. Tun 2005 suke yi masa biki duk shekara, Quais du Polar, ka ga dattijuwa da jakar littattafai ta bi dogon layi don kawai marubuci ya sa mata hannu.

Ni ma ina karanta su, suna rage mini dare lokacin sanyi. Sai dai ba kasafai suke bi na har wurin barci ba, don tambayar tasu ba ita ce tamu ba. A Tawa, can gida Nijar, in an fasa shago da dare, kafin a sauke shayi na biyu a fada an san ɗan gidan wa ne. Ɗan kabu-kabu ya gan shi, mai tsire ya ga kuɗin da bai saba riƙewa ba. Abin da ya rage shi ne wa zai buɗe baki. Kawun yaron sahunsu ɗaya da mai shagon a masallaci, yayarsa kuma tana aure a gidan. Kafin magana ta kai komisariya mai unguwa ya tara mutane, an biya abin da ya sawwaƙa, an ce a rufa wa juna asiri. Ba zagin wannan nake yi ba, ya hana zumunci da yawa tsinkewa. Amma da shi ne kuma ake binne abin da bai kamata a binne ba, musamman in yarinya aka cuta, a ce wa uwarta sai haƙuri, a bar wa Allah.

Shi ya sa littafin da na fi ba mutanenmu shawarar su nema shi ne na Oyinkan Braithwaite, ƴar Najeriya, wanda ya fito a 2018, aka fassara shi da Faransanci da sunan Ma sœur, serial killeuse. Tun shafin farko an gaya maka mai kisan. Ayoola ce, kyakkyawa, ƴar lelen gida, ta soke saurayinta na uku da wuƙa. Yayarta Korede, ma'aikaciyar jinya a wani asibiti a Legas, ita ake bugo wa waya. Ta zo da safar hannu da ruwan wanke ɗaki, ta goge jinin har lungun da ido ba ya kaiwa, su naɗe gawar a zanen gado su jefa ta ruwa daga kan gada. Babu wanda Korede ke iya faɗa wa damuwarta sai wani majinyaci, Muhtar, da ya daɗe a sume, don ta tabbata ba ya ji. Sai ga Ayoola ta fara zuwa asibitin, likitan da Korede ke so a ɓoye ya ƙyalla ido ya gan ta. Baturen da ya karanta dariya yake yi, yana ganin abin almara. Duk wadda ta tashi a matsayin babbar ɗiya a gidan Bahaushe, wadda in ƙanwa ta fasa kwano ita ake tambaya ina take, ba za ta yi dariya sosai ba. Mu muka ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Littafin ya ɗauki maganar nan ya ja ta har inda ba ma so mu leƙa. Gajere ne kuma, dare biyu ya ishe ka.

Na Femi Kayode, Lightseekers, na 2021, ya fi shi nauyi a zuciya. Tushensa abin da ya faru a Aluu ne a 2012, inda jama'a suka kashe ɗalibai huɗu na jami'ar Fatakwal bisa zargin sata, ana ɗauka da waya. A littafin ɗaliban uku ne, garin ma an sake masa suna. Mahaifin ɗaya daga cikinsu ya ɗauko Philip Taiwo, masanin halayyar ɗan Adam da ya dawo daga Amurka, ya gano masa dalili. Fuskokin waɗanda suka yi dukan suna nan a bidiyo, amma gari ya haɗa baki. Wanda ya taɓa jin an yi ihun ɓarawo a babbar kasuwar Yamai, ya ga yadda mutane ke fitowa da sanda tun ba su tambayi me aka sata ba, zai karanta shi da faɗuwar gaba. Ƙarshensa dai bai gamsar da ni ba, ya ɗan karkata wajen salon fim.

Moussa Konaté na Mali ya rasu tun 2013, don haka ba za a kira nasa sababbi ba, amma shi ya fi kowa kusa da mu. Komisar Habib nasa ya yi lakwal, ya san doka, sai a tura shi ƙasar Dogon, ko wajen masuntan Bozo a bakin kogin Isa kamar a La Malédiction du lamantin na 2009, inda mutane suka riga suka yanke cewa ayu ne ya yi fushi. Dattawa za su karɓe shi da mutunci, su shimfiɗa masa tabarma, ya tashi bai samu kalma ɗaya ba. Kowane jandarma da aka taɓa turawa wani ƙauyen Adar ya san zaman nan.

A cikin na Turawa, guda na ware: Entre deux mondes na Olivier Norek, tsohon ɗan sanda, 2017. A sansanin baƙin haure na garin Kale, a arewacin Faransa, ya kafa labarin, wurin da ake mutuwa ba a buɗe dosiye. Wasu daga cikin masu kwana a irin tantunan nan ta Tawa motarsu ta bi zuwa Agadas.

Tsada ita ce matsala. Ƙaramin bugu a nan yakan kai yuro 9, kusan jika shida ke nan, kafin a sa kuɗin kai shi Yamai. Ƙannena mata kuwa littattafan Kano suke saurare a waya, ana karanta musu, yawanci na soyayya da kishi. Ba don Hausa ta kasa ɗaukar labarin laifi ba ne: tun 1982 Bature Gagare ya rubuta Ƙarshen Alewa Ƙasa, Sulaiman Ibrahim Katsina ya yi Turmin Danya a kan ƴan fasa-ƙwauri. Mu na wannan ɓangaren iyaka ne muka yi shiru, alhali kayan aikin a ƙofar gida suke: jarkokin man fetur da ke hayewa ta Konni, zinariyar Jado da ta kwashi samari tun 2014, dokar hana safarar baƙin haure ta 2015 da aka soke a 2023 da abin da ta yi wa direbobin hamada, ɗan bida da ya tafi Abijan shekara bakwai ba waya ba aike, matarsa na zaune da igiyar aure.

In wani ɗan Tawa zai rubuta, roƙona kada ya kwaikwayo komisar na Turawa mai doguwar riga da sigari. Ya ba dillaliya binciken. Ita ke shiga gidan kulle ba a tambaye ta, ta san wadda ta sayar da ƴan kunnen aurenta a ɓoye da ranar da ta sayar, ta san gidan da aka sayi atamfa uku alhali maigidan bai yi girbi ba. Kuma in ta tona, gobe babu gidan da zai sake buɗe mata ƙofa.