Gona fes ba ita ce gona mai kyau ba

A nan Ingila, daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Agusta doka ta hana manomi datse shingen itatuwan da ke gefen gonarsa, domin lokacin ne tsuntsaye ke sheƙa suna ƙyanƙyasa. Dole kuma ya bar mita 2 daga tsakiyar shingen, ba huɗa, ba taki, ba feshi. Ƙona karan alkama a gona kuwa tun 1993 aka haramta shi. Sai da mutanen Ingila suka sha wuya suka hankalta. Bayan yaƙin duniya na biyu sun tumɓuke shingaye don manyan taraktoci su sake, daga 1970 zuwa yau tsuntsayen gona suka ragu da fiye da rabi. Yanzu kuɗi gwamnati ke biyan manomi ya mayar da abin da kakansa ya tuge.

Abin da ke ci mini rai shi ne, turbar da suka baro muke bi a gida. Mu sare, mu tara, mu cinna wuta, wai sharar gona. Ganyen da zai ruɓe ya zama taki ya tafi a hayaƙi, iskar farkon damina ta taras da ƙasa tsirara, yashi ya binne tsiron gero, a sake shuka. Fakara da zabon daji su rasa mafaka.

Alhali maganin yana Maraɗi da Damagaram. Tun shekarun 1980 manoma can ke sassabin zamani, wato renon tofon kututture a gona har ya zama itace, har ya kai kimanin hekta miliyan 5, ba tare da dashe ko ban ruwa ba. Kututturen kalgo ko sabara da ake sarewa duk shekara, saiwarsa na raye. Sai a zaɓi tofo 3 zuwa 5 mafiya ƙarfi da miƙewa, a cire sauran, a sassabe rassan ƙasa zuwa rabin tsawo. Adda ta zama mai kaifi, saran kuma daga ƙasa zuwa sama, don saran da ya gangaro yakan ɓare ɓawo, ruɓa ta shiga. Wanda ya yi zari ya aske har kai, iska ko akuya za ta karya masa. Babbar matsalar ma ba ta sara ba ce: in gari bai yi yarjejeniya ba, masu neman itace za su raba ka da wahalarka cikin dare.

Gawo ya fi kowa. Yana zubar da ganye da damina, inuwarsa ba ta danne gero, da rani kuma ya yi kore, 'ya'yansa su ciyar da dabbobi. Ƙananan tsuntsayen da ake tsare wa shinge a nan Ingila, wasunsu kan tsallake Sahara su yi hunturu a kan gawo da aduwa suna cin ƙwari. Darbejiya da muke ta rabawa a bikin dashen itatuwa tana da inuwa, amma kusan babu abin da take ba su.