Bakano a Gaban Aikin Bazazzagi

Wani matashi Bazazzagi da ya gama karatun zane-zane a Jami'ar Ahmadu Bello ya baje aikinsa na farko, ya gayyato abokin wasansa, wani Bakano ɗan kasuwar Kurmi.

Bakano: Ɗan Zazzau, zane ka ce in zo in gani, amma abin da ke rataye a bangon nan shuɗin ƙyalle ne da marufan kwalba da wayar tagulla da fasasshen madubi. Ko 'yan bola-jari ne suka ba ka ajiya?

Bazazzagi: Alhaji, aikin ke nan. Ƙyallen a marinar Ƙofar Mata ta garinku aka rina shi, yashin da na manna a ƙasansa kuwa daga kogin Kubanni na ɗebo. Sunansa "Abin da Ido Bai Gani Ba", domin ina so mai kallo ya lura da ƙarfin da ke motsa abubuwa alhali shi kansa a ɓoye yake.

Bakano: To, idan ido bai gani ba, me ya sa ka raba ni da rumfata?

Bazazzagi: Matso ka dubi alluran nan da na ɗaure da zare.

Bakano: A'uzu billahi! Ga su sun miƙe sun nufi bango suna rawa, ba hannun da ya taɓa su. Yaro, gaya mini gaskiya, zane aka koya maka a Samaru ko bori?

Bazazzagi: Maganaɗisu ne na ɓoye a bayan ƙyallen, shi ke jan su, iskar fanka kuma tana kaɗa su. Yanzu koma hagu ka leƙa madubin.

Bakano: Fuskata ta rabu gida-gida, gemuna yana sama, hulata tana ƙasa.

Bazazzagi: Wanda ya tsaya a dama wani abu dabam zai gani, don haka ba mutum biyu da za su fita daga ɗakin nan da labari ɗaya. Tun 1958 ɗaliban zane na Zariya, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya suka ce kwaikwayon Turawa kaɗai ba zai wadatar ba, sai an haɗa da abin gida.

Bakano: Lallai kun haɗa da abin gida, har da sharar gidan. Kawo sikeli mu auna, tagullar kaɗai zan saya, kuma a kan kilo.

Bazazzagi: Ba a auna irin wannan a sikeli. El Anatsui, mutumin Gana da ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Nsukka kafin ya yi ritaya, da marufan kwalaben giya da wayar tagulla yake saƙa nasa, kuma an sayar da aikinsa guda sama da dala miliyan 1.

Bakano: Dala ka ce? Yi magana a hankali kada 'yan Kantin Kwari su ji. Amma marufan naka na mene ne? Ba zan ratsa Kano da su 'yan Hisba su tare ni ba.

Bazazzagi: Na lemo ne duka.

Bakano: Alhamdu lillahi. Naɗe mini shi har da maganaɗisun. Tunda abin da ido bai gani ba kake sayarwa, ni ma da kuɗin da ido bai gani ba zan biya ka.

Bazazzagi: Ta waya za ka turo mini ke nan?

Bakano: A'a, bashi za ka ba ni zuwa bayan Babbar Salla.