Mu daina fakewa da "ai yaro ne"

Assalamu alaikum iyaye, musamman mu mata.

Jiya da la'asar a tsakar gidanmu nan Agege, wani yaro da bai wuce shekara biyar ba ya fizge biskit daga hannun 'yar maƙwabciya, ya ture ta ta faɗi a bakin kwata. Uwarsa na zaune tana tankaɗe, sai ta kwashe da dariya: "Ai yaro ne. Ɗana ba ya wasa!" Wallahi dariyar nan ta fi turewar yi min ciwo.

To yaushe za a gaya masa? Sai ya yi gemu? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hasan ɗan Ali yana ƙarami ya sa dabinon sadaka guda ɗaya a baki, Manzon Allah (SAW) ya sa shi ya tofar, ya kuma gaya masa dalili. Shi ne dai ya tsaya yana tambayar Abu Umair, ƙanen Anas, labarin ɗan tsuntsunsa da ya mutu, don ya ga yaron cikin damuwa.

Mu kuwa yaro ya dawo daga Islamiyya ya ce an dake shi, ba mu ji ba'asi ba mun ce "je ka rama". Suna kwaikwayon mai i'ina, mu taya su dariya, alhali aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi. Haba 'yan uwa!

Ga zaman Legas, gidan haya, ɗaki na kallon ɗaki, famfo ɗaya muke layi da Bayarabe da Ibo. In aka yi wa namu ba'a a makaranta, mu kwana muna tsaki. In namu ya kira ɗan maƙwabci "arne", shiru kake ji. A bakin wa ya koya? Ba a bakinmu ba?

Ba duka nake nufi ba. Durƙusa daidai tsayinsa, ki ce, "Dubi fuskar abokinka. Da kai aka yi wa fa?" Ki sa shi ya ba da haƙuri da bakinsa, ba ke ki ba da a madadinsa ba.

Don Allah, don Allah. Gobe in kin ba shi kuɗin tara, ki ce ya raba da wanda bai zo da komai ba, in ya dawo ki tambaye shi wa ya ba.