Akwalar da Aka Ba Mu Haya a Zanzibar

Wallahi waɗansu masu ba da hayar mota a tsibirin nan na Unguja, babban tsibirin Zanzibar a ƙasar Tanzaniya, ba su da tsoron Allah ko miskala zarratin. Su turo maka hoton mota tana sheƙi a WhatsApp, su yanka maka kuɗi da dala, ranar karɓa kuma a gangaro maka da akwalar da ko kyauta aka ba ka sai ka yi shawara. Abin da wani kamfani ya yi mini ke nan a makon da abokina ya zo daga Kano, kuma har yanzu idan na tuna zuciyata tafasa take.

Mutumin nan tun muna makarantar allo muke tare. Ya tara kuɗinsa, ya nemi hutun 'yan kwanaki a wurin aiki, ya sauka Darussalam, ya hau jirgin ruwa na kusan awa biyu ya iso. Ni kuma da aiki ya zaunar da ni a nan, na ɗaukar masa alkawarin zagaya tsibirin kaf. Ba wani babban abu ba ne, don tsawon Unguja bai wuce kilomita 85 ba. Da mota mai lafiya sai ka karya kumallo a Stone Town, ka yi azahar a Nungwi can ƙarshen arewa, ka dawo ka ci gasasshen kifi a Forodhani, dandalin masu sayar da abinci na bakin teku a Stone Town, da daddare. Daladala, wato motar haya ta fasinjoji ta nan, ba za ta yi mana ba, don ita sai ta cika take tashi, kuma kusan kowace hanya sai ka komo cikin gari kafin ka kama wata. Shi ya sa na ce a yi haya.

Tun wajen karɓar motar aka fara. Yaron da ya kawo ta ya miƙo makulli, allurar mai tana kwance a ƙasa. Na ce ina motar da ke cikin hoto? Ya ce waccan tana hannun wasu Turawa, amma wannan ƙanwarta ce, babu matsala. Na nuna masa wani ƙarzo a ƙofar baya, ya ce sun san da shi. Na ce a rubuta, ya ce ba sai an rubuta ba, ai mu 'yan'uwa ne Musulmi. Duk da haka na ɗauki hoton wurin da wayata a gabansa. An karɓi kuɗin haya, an karɓi na takardar izinin tuƙi da ake yi wa baƙi a nan, an kuma karɓi kuɗin ajiya wai ko da wani abu zai sami motar.

Hanyar arewa muka fara bi. Kafin mu kai Mahonda na'urar sanyi ta mutu, muka sauke gilashi. Gaba kaɗan ruwa ya tsuge irin na nan da ba ya sallama, na kunna waifa, ɗaya ta motsa, ta gefen direba ta ƙi. A titin da ake tuƙi ta hagu, ga shi matsattse, ga 'yan makaranta a gefe, ga masu keke, ga amalanken shanu, ni kuma ina leƙo kai ta taga don in ga gabana. Birki sai na taka har ƙasa kafin ya kama. Wane irin mutum ne zai sa mota irin wannan a hanya, ya kwanta ya yi barci? Ran ɗan wani fa ake magana! Mun kai Nungwi, mun ga masassaƙa suna haɗa jiragen ruwan katako da hannu a bakin teku, amma rabin hankalina yana kan yadda za mu koma gida lafiya. Da na kira su da daddare, suka ce gobe da sassafe za a canza mana. Gari ya waye, muka jira har hantsi, ba kowa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na kudu. Abokina mutum ne mai son tarihin Musulunci, kuma tun kafin ya taso abu ɗaya yake ambata: masallacin Kizimkazi Dimbani. A jikin mihrabinsa akwai rubutun Kufi mai ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107, kuma yana cikin tsofaffin masallatan gabashin Afirka. An sake gina shi a ƙarni na 18, amma rubutun yana nan. Ya ce mini, "Malam, ko ba mu je ko'ina ba, ka kai ni in yi raka'a biyu a can." Na ce ya kwantar da hankalinsa.

Muka tsaya a dajin Jozani, ya ga jajayen biran nan da ba a samun irinsu sai a Zanzibar, suna zaune kan reshe kusa da kanmu suna tsinkar ganye. Muka wuce Paje da Jambiani daidai lokacin da teku ta janye, mata sun shiga can ciki suna ɗaure ciyawar teku a jikin igiya tsakanin turaku. Har ya fara cewa tafiya ta yi kyau. Tsakanin Jambiani da Makunduchi, inda babu komai sai duwatsu da ƙananan bishiyoyi, tayar baya ta fashe. Na buɗe but, safaya babu iska ko kaɗan, ta suɗe har waya ta fito. Jak kuwa babu shi sam. Muna tsaye kuma sai ga ruwan lagireto yana ɗiga ƙarƙashin mota, ashe an liƙe tiyon ne da tsumman roba.

Na kira, suka ce makanike yana hanya. Na sake kira, yana hanya. Daga baya wayar ma aka kashe. Tun bayan azahar muke wurin har rana ta yi ja. A bakin titi muka shimfiɗa rawanin abokina muka yi la'asar. Wanda ya cece mu wani dattijo ne a kan keke, da ya tsaya ya sare mana ɗanyar kwakwa muka sha, ya tafi ya turo ɗan bodaboda, wato ɗan acaɓa. Shi ya ɗauki tayar ya kai wa mai faci a Makunduchi, ya dawo da aron jak. Dattijon ko sisi ya ƙi karɓa. Kuɗin faci da na babur da na tiyo duk daga aljihuna suka fita. Lokacin da motar ta tashi duhu ya yi, fitila ɗaya ce ke ci, Kizimkazi kuma tana nan kusa, amma ba mai hankalin da zai ƙara nisa da wannan mota cikin dare. Muka juya gari a hankali, muna tsayawa muna zuba ruwa. Jirginsa kuma washegari ne.

Bai ce mini komai ba, sai "Allah bai nufa ba, Malam." Na yarda da ƙaddara, amma safayar da ba a duba ba da jak ɗin da aka cire aikin mutum ne. Bahaushe ya ce baƙonka annabinka, ni kuwa an sa na zaunar da nawa a bakin titi yana korar sauro, bayan ya ƙetaro ƙasashe don ya gan ni.

Da na mayar da motar sai ga mai kamfanin da kansa, wanda wayarsa ta mutu jiya, ya fito yana zagaya ta da tocila da rana tsaka. Ya tsaya daidai ƙarzon nan na ƙofar baya ya ce mu muka yi. Na nuna masa hoton da ranar da aka ɗauka, ya ce a hoto bai kai haka girma ba. Na kawo maganar taya, ya ce taya a wuyan mai haya take, haka yarjejeniya ta ce. Na ce safayar fa? Jak fa? Ya ɗaga kafaɗa ya ce yaransa zai tambaya. Kuɗin ajiyata har yau suna hannunsa, kullum sai a ce in dawo jibi, akanta ba ya nan.

Rasit ɗin mai faci yana hannuna, hotunan safayar da tiyon suna wayata, haka jerin kiran da na yi musu daga bakin hanya. Ranar Litinin zan kwashe su in kai ƙara gaban hukuma, kuma ba kuɗin ajiya kaɗai nake nema ba, har na hayar ranar da muka wuni a daji sai sun dawo da shi, a kuma hana motar nan hawa titi har sai an gyara birkinta.