Ranar Juma'ar da ƙofar gareji ta ɗaga mini riga

Sifirin (naɗaɗɗiyar wayar ƙarfe mai taimakawa wajen ɗaga ƙofa) na ƙofar garejinmu da ke unguwar Aboabo a Kumasi ya tsinke ana kiran assalatu, kuma ban ga laifinsa ba, domin irinsa an ƙera shi ne ya jure buɗewa da rufewa kusan sau 10,000, yaran gidan kuwa sun daɗe da mayar da ƙofar abin lilo. Hantsi na yi muka nufi Suame Magazine, unguwar makanikai da masu sayar da kayan gyara, da ƙanen matata, wanda tun da ya leƙa shagon walda yake jin kansa injiniya.

Mai shagon ya yi mana bayani tsakani da Allah. Akwai sifirin mai miƙewa da ake ɗaurawa a gefe biyu na ƙofa, yana da araha, amma sai an zura igiyar ƙarfe a cikinsa don kada ya fasa wa mutum kai ranar da ya tsinke. Akwai kuma mai murɗawa, irin namu, wanda yake kwance jikin sandar ƙarfe a saman ƙofa. Sannan ya tambayi nauyin ƙofar, da tsayinta, da kaurin wayar tsohon sifirin, da kuma ko naɗinsa na hagu ne ko na dama. Ƙanen matata ya daka masa tsawa cewa ba jarrabawa muka zo ba, ya juyo gare ni ya ce, "Yaya, mu ɗauki mafi kauri, shi ne mai ƙarko." Mai shagon ya faɗa wa yaronsa wata magana da Twi, suka yi dariya, ya karɓi kuɗinsa.

Injiniya ya ɗaura, ya murɗa. Ƙa'ida ita ce idan an ɗaga ƙofa zuwa rabi aka sake ta, ta tsaya cik, domin ƙarfin sifirin ya yi daidai da nauyinta. Tamu da aka sake ta sai ta haye sama da gudu har rufin kwano ya amsa. Ya ce sabunta ce, zai yi laushi.

Ranar Juma'a na fito da mota, na dawo rufe ƙofar sanye da farar babbar riga da ta sha sitati. Na rataya da dukan nauyina na sauko da ita, na danne ta da gwiwa, na miƙa hannu aljihu neman kwado. Gwiwar ta ɗan zame. Mariƙin ƙofar ya kamo gaban rigar, ƙofar ta tashi da shi, rigar ta lulluɓe mini kai, hannuwana biyu suka bi ta sama, na tsaya a kan 'yan yatsun ƙafa, tumbina da tsohuwar singileti suna fuskantar layin masu sayen waakye (shinkafa da wake) na Hajiya. Ba na ganin kowa, amma ina jin lokacin da ludayin Hajiya ya daina motsi. Hulata ta gangara cikin kwata. Na ja ƙasa, ƙofar ta ja sama, ɗinkin wuyan riga yana kuka a kunnena.

A cikin wannan hali na ji muryar Alhajin da gidansa ke kallon namu yana cewa, "Sannu Malam, shanya ake yi?" Wannan Alhajin fa shi ne ya ari tsanina tun kafin azumin bara, kuma da ya mayar da shi, da tsanin yana jingine a garejin, da wani yaro ya hau ya zare rigar cikin sauƙi. Mutumin da ƙofar garejinsa ta katako take tokare da dutse ya tsaya yana jan carbi yana yi wa jama'a darasi a kan sifirin, har yana cewa shi tun a ƙarar rufewarta ya gane ya yi mata ƙarfi. Bai matso ya taimaka ba. Wani direban aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ne ya tsaya ya janyo ƙofar, na fito daga cikin rigar ina sallama ga mutanen da muka riga muka gaisa da safe.

Kafin in isa masallaci labarin ya riga ni, kuma a bakin Alhaji ƙafafuna sun bar ƙasa har kamu guda.

Daga baya wani mai gyara ya sassauta sifirin da sandunan murɗawa, ya ɗora ƙofar a kan sikelin awon nauyi na uwargida, ya kawo wanda ya dace da ita. Ƙanen matata har yanzu yana nan a kan bakansa cewa sifirinsa lafiya lau yake, ƙofar ce ba ta da nauyi, ya kamata a ƙara mata ƙarfe. Na aika yaro karɓo tsanin jiya, aka ce Alhaji ya tafi Tamale.