Ɓawon kawa na tona asirin dalma, amma ba ya wanke namanta

Duk mai haɗa abincin kaji masu ƙwai ya san garin ɓawon kawa (wata halittar ruwa mai ɓawo da ake cin namanta), wanda ake zubawa don ƙwai ya yi ƙwari. Daga bakin teku ake kawo shi, har da fadamun Neja Delta da suka daɗe suna shan malalar mai. Don haka gwajin guba a ɓawon nan ya shafe mu ko ba ma cin kawa.

Sama da kashi 90 cikin 100 na ɓawon alli ne, wato kalsiyam kabonet. Kawa na gina shi hawa-hawa daga ruwan da take zaune, dalma kuwa kan saje da kalsiyam ta zauna a gurbinsa. Ta shiga ta shiga ke nan.

Wurin gwaji, yawancin kuskure tun daga wanki yake farawa. Sai an kankare laka da fatar bayan ɓawon, a ɗauraye da tataccen ruwa, in ba haka ba laka za a auna. A busar a zafin digiri 60 na ma'aunin Celsius, a daka a turmin da ba na ƙarfe ba. Rabin giram ya isa. A ɗiga masa asid na naitirik sannu-sannu, domin kumfa yake yi, in ya yi ambaliya an yi asarar samfurin. Daga nan sai na'urar AAS ko ICP-MS, masu auna yawan ƙarafa a samfuri, tare da kwalbar asid zalla don a gane ko dattin daga ɗakin gwajin ne. Na'urar hannu ta XRF mai auna ƙarafa ta hanyar haska samfuri, irin wadda aka auna ƙasar Zamfara da ita bayan gubar dalma ta 2010, tana da sauri, sai dai ɗan ƙanƙanin guba kan kuɓuce mata.

Inda nake ja da masu zumuɗi shi ne ɗaukar sakamakon ɓawo a matsayin shaidar lafiyar nama. Kadmiyam da zaiba, ƙarafa masu guba, a naman kawa suka fi taruwa, ɓawo kan fito fes alhali naman ya ƙoshi da guba. Ma'aunin Tarayyar Turai ma a kan nama yake: kada a wuce miligiram 1.5 na dalma da miligiram 1 na kadmiyam a kowane kilo.

Amma kaza ɓawon take ci, don haka a nan gwajin ɓawo ke da amfani. Nan ne ya kamata hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta riƙa ɗibar samfur daga buhunan dillalai kafin su isa injin niƙa.