Saura kwana goma a GRE? Ajiye katunan kalmomin nan

Duk sanda wani ya turo min saƙo cewa saura kwana goma ya zauna GRE, jarrabawar da jami'o'i da yawa a waje ke nema kafin karatun digiri na biyu ko na uku, wai in taimaka masa da jerin kalmomin Turanci da zai haddace, sai tausayinsa ya kama ni. Ni ma na yi wannan wautar. Dare uku ina fama da ƙananan katuna, kalma a gaba ma'ana a baya, ido ya yi jajir. Washegari in ga kalma, in san tabbas mun taɓa haɗuwa, amma ma'anar ta yi ɓatan dabo.

Na san za a ce ba a fafe gora ranar tafiya. Gaskiya ne, amma wanda tafiyar ta riga ta ƙarato masa shawara yake nema. Tawa ita ce: abin da bai zauna a kanka cikin wata uku ba, ba zai zauna a kwana goma ba. Abin da ake iya koya a kwana goma shi ne agogo da tsarin jarrabawar, kuma nan ne ake zubar da maki a banza.

Tun Satumban 2023 hukumar ETS, mai shirya jarrabawar, ta rage GRE daga kusan awa huɗu zuwa awa 1 da minti 58. Aka yi ta murna, aka manta hutun minti 10 ma ya tafi. Rubutu ɗaya ne, minti 30. Lissafi tambaya 27 ne a kashi biyu: 12 a minti 21, sai 15 a minti 26. Wato kowace tambaya ba ta samun cikakken minti biyu. A gwajina na farko na kafe kan tambaya ɗaya ta da'ira, girman kai ya hana ni wucewa, ina ɗagowa na ga guda huɗu na jirana, lokaci ya kusa ƙarewa. Biyu daga ciki na iya su sarai.

Ga shi GRE ba ta cire maki don ka yi kuskure, saboda haka barin tambaya babu amsa asara ce tsagwaronta. Ka zaɓi wadda ta fi kwanta maka, ka sa mata alama, ka dawo in lokaci ya ragu. Kuma ƙoƙarinka a kashin farko ne ke yanke irin wahalar na biyu. In na biyun ya yi zafi, wataƙila alama ce ka yi kyau, kada gabanka ya faɗi.

Masu GMAT, wato jarrabawar shiga karatun kasuwanci na gaba da digiri, kada ku ɗauki wannan dabara yadda take. Taku kashi uku ce, kowanne minti 45, sai kun amsa tambaya ake ba ku ta gaba, kuma amsa uku kacal za ku iya sauyawa a kowane kashi.

ETS na ba da cikakken gwaji kyauta, mai suna POWERPREP. Ka yi shi a daidai lokacin da za ka zauna ta gasken, waya a kashe, da ɗan kalkuletan da ke kan allo, don ba za a bar ka da naka ba. Sannan ka ba kurakuranka yini guda: wanne rashin sani ne, wanne gaggawa ce? Na gaggawar ake gyarawa yanzu.

In makin gwajin ya yi nisa da abin da jami'ar ke so, ni dai ɗage ranar na fi so da a jefa kuɗi a rijiya, amma sai an yi hakan aƙalla kwana huɗu kafin ranar. In an zauna ba ta yi ba, ana sakewa bayan kwana 21, har sau biyar cikin wata 12.

Daren ƙarshe kuwa, ka duba sunan da ke fasfo ɗinka ya yi daidai da na rajista, don saɓani a nan na iya sa a mayar da kai daga bakin ƙofa. Ka sa shi cikin jaka, ka kwanta da wuri.